Mai Tara Tsofaffin Sulalla Da Mai Nazarinsu: Jagora Ga Matasan Kankiya Da Kusada

A tsofaffin gidajen Kankiya da Kusada, har su Yashe da Rimaye da Kafinsoli, da wuya ka rasa tsohuwar da ke da ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka, cike da kuɗin da suka daina ci tun da daɗewa: anini mai huda, kwabo, taro, sisi, sule mai hoton bishiyar kwakwa, wani lokaci har da liyarin azurfa da maƙeri ya yi wa kunne don a rataya a wuya. Da can yara ne ke wasa da su. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, matasa na ganin hotunan irinsu a intanet da farashi a gefe, sai sha'awa ta motsa, aka shiga bi gida-gida ana cigiya.

Idan aka zazzage gwangwanin nan a kan tabarma, mutum iri biyu ne ke sunkuyowa. Ɗaya idonsa na neman wanda babu a tarinsa da wanda ya fi ƙyalli, bakinsa kuma na tambayar nawa zai yi. Ɗayan bai taɓa komai ba tukuna, yana tambayar mai gwangwanin: wa ya tara su, a wane gari, yaushe aka daina ƙarawa a ciki, an taɓa ɗebe wani abu? Na farkon mai tarawa ne, na biyun manazarci. Ban raina mai tarawa ba ko kaɗan, domin ba don shi ba da yawancin kuɗin nan sun faɗa buhun 'yan gwangwan ko sun narke a maƙera. Sai dai abin da yake cetowa ƙarfe ne. Labarin da ke tafe da ƙarfen, wanda in ya ɓace ba ya dawowa, manazarci ne ke tsare shi. Wannan jagora ta wanda ya riga ya fara tarawa ce, yake kuma son ya wuce nan. Ba sai da digiri ba, ba sai da jari ba.

Littafi kafin akwati

Nemi littafi mai kaurin bango irin na rajistar makaranta. Duk tsabar da ta shigo hannunka ka ba ta lamba, ka rubuta lambar a littafin da kuma jikin ambulan ɗin da za ka saka ta, kada ka taɓa yi wa ita kanta tsabar alama. A ƙarƙashin lambar ka rubuta ranar da ka same ta, daga hannun wa, a wace unguwa, a ina take ajiye kafin nan, da me da me aka same ta. Ka raba abin da idonka ya gani da abin da aka gaya maka: wannan ka rubuta "na gani", wancan ka rubuta "in ji wance". Shekara goma nan gaba ba za ka iya bambance su da ka ba.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a kafa hujja da matani sai an duba isnadi. To tsabar kuɗi ma haka take. Ga anini biyu na shekarar 1928, ba ka iya bambance su da ido. Ɗaya an saye shi a hannun ɗan koli, bai san inda ya fito ba. Ɗayan a ce an tsince shi a katangar wani tsohon zaure da damina ta rusa a Kusada, tare da 'yan'uwansa arba'in da ɗan wuri cikin tafi. A wajen mai saye kuɗinsu ɗaya. A wajen manazarci na farkon bai ƙara masa komai ba, na biyun kuwa shaida ce cewa a gidan nan ana riƙe da wuri da anini tare, shekaru bayan Turawa sun kawo kuɗinsu. Irin wannan shaidar ba ta cikin kowane littafin farashi na duniya.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ma'aunin faɗi irin na makanikai ko rula mai kyau, gilashin ƙara girman abu, mayen ƙarfe, da wayar da ke hannunka. Ka ɗauki hoton fuska da baya da gefe a cikin inuwa mai haske, da rula a kusa, da lambar a rubuce cikin hoton. Ka rubuta nauyi da faɗi ko da kana ganin ka san tsabar.

Kada ka ɗauki awon nan ƙaramin abu. Giram 85 na zinariya da malamai ke ambata a nisabin zakka daga awon tsaba ya samo ƙarfinsa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, da yawa daga cikinsu sun saura a gidajen tarihi, aka auna su aka ga nauyinsu na kewaye da giram 4.25. Dinari ashirin ke nan giram 85. Wanda ya zauna ya auna, ya rubuta, ya yi wa masu fitar da zakka da masu yanka sadaki hidima ba tare da ya san su ba.

Shekarar da ke jikin tsaba

Babban tarkon da sababbin shiga ke faɗawa shi ne liyari. Tsaba ce babba ta azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, a bayanta ga mikiya mai kai biyu, ga kuma 1780. Mai tarawa na ganin haka sai ya ce ya samu kuɗin da ya haura shekara 240. Ba lalle ba ne. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda Larabawa da Habasha da mutanen ƙasashenmu sun amince da wannan tsabar, ba sa son a sauya mata komai, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba canji. An buga miliyoyi a Biyana, an buga a Rum da Faris da Landan da Bambai a ƙarni na ashirin, har gobe kuma ana bugawa a Ostiriya. Liyarin da ke wuyan wata Bafulatana a rugar gefen Kankiya zai iya zama wanda ya ƙetaro Sahara a kan raƙumi, zai kuma iya zama wanda wani alhaji ya sayo a Makka jiya-jiya. Ana rarrabe su ne ta ƙananan alamomi: siffar ƙulli na kafaɗar sarauniya, yawan duwatsun da ke kewaye da shi, gashin jelar mikiya, rubutun da ke gefen tsabar. Kai dai a matakin farko ka auna. Na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗigo, faɗinsa wajen milimita 40, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi. In ya kama, ko nauyin ya gaza sosai alhali bai side ba, na jabu ne. Shi ma na jabun kada ka yar. Ka ba shi lamba, ka rubuta cewa jabu ne, domin wanda ya zuba shi da wanda aka cuta da shi duk suna cikin tarihin kasuwa.

Kuɗin zamanin Turawa sun fi sauƙin karantawa, amma su ma suna da sirrinsu. Bayan cin Kano da Sakkwato da miƙa wuyan Katsina a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta so a riƙa biyan haraji da jangali da tsaba, to amma sule ya yi wa cefanen yau da kullum girma. Shi ya sa a 1907 aka fitar da kwabo da anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, masu huda a tsakiya don a shiga da su zare yadda aka saba, da tauraro mai tsini shida, da ƙimarsu a rubuce da haruffan Larabci. Aninin farko na sanholo ne, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, sai a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Idan ka ɗaga anini ka ji ba nauyi, kamar ba ka riƙe komai ba, duba shekararsa da kyau.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka sauya su zuwa gamin tagulla mai ruwan ɗorawa. A 1952 kwabo ya tashi daga fari ya koma ja. Kusa da shekara, ko wani lungu na zanen, za ka iya hango ƙananan haruffa da gilashi: H ko KN na nufin an buga a ɗaya daga masana'antu biyu na Birmingham, SA na nufin Pretoriya a Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuwa daga gidan buga kuɗin sarauta na Landan yake. Akwai kwabo da sisin kwabo da anini na 1936 masu sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya yi murabus kafin shekarar ta fita. A Ingila kanta ba a kai ga kashe kuɗi da sunansa ba, amma an kashe a kasuwanninmu. An buga su da yawa, don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa ka yi arziki. Idan kuma shekara ta goge, sunan sarki zai taimake ka. Haruffan IND IMP da ke cewa sarkin Ingila ne sarkin Indiya sun ɓace daga kuɗin Sarki Joji na Shida daga 1949, bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947.

Na baya-bayan nan ba sa buƙatar dogon bayani. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa a 1959, taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da kwakwa, dala da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka shigo, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Su ma ka rubuta su. Haka tsabar sefa da ke biyo fataken Maraɗi, da kuɗin Sudan da na Saudiyya da ke fitowa daga kayan alhazan da suka yi tafiyar ƙasa. Kowane yana nuna inda ƙafar mutanen gidan ta taka.

Idan garma ta tono tukunya

Nan ne bambancin mutanen biyu ya fi fitowa, nan ne kuma aka fi yin asara. Kafin banki ya zo, tukunya da rami su ne ma'ajiya, kuma ba kowa ya rayu ya koma ya tono nasa ba. Manomi na huɗa a kufai sai ya ji garma ta daki wani abu. Abin da aka saba yi shi ne a fasa, a raba, kowa ya zaɓi masu kyau, sauran a ba yara. Cikin sa'a guda an kashe shaidar da ta yi shekara ɗari tana jira.

Manazarci ba ya raba tukunya. Yana ɗaukar hoto tun tana cikin ƙasa, ya rubuta gonar da zurfin ramin da abin da ke kusa, tsohuwar ganuwa ce ko rijiya ko karofi. Yana adana tukunyar ko tsingaronta da tsumman da aka naɗe kuɗin, ya ƙirga komai, har da sidaddun da ba wanda zai saya. Sannan ya nemi wadda ta fi kowace ƙuruciya a ciki, domin ba a binne tukunya kafin a buga tsabar ƙarshe da ke cikinta. A ce an samu sulalla ɗari biyu, duka na azurfa, daga 1913 zuwa 1919. Fassarar farko ita ce an binne su wajajen 1920. Amma akwai ta biyu: mai su ya rayu har zamanin sulen tagulla, yana kashe tagullar yana ɓoye azurfar, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Me zai raba gardama? Sidewa. In na 1919 suna nan da kaifin zanensu, ba su daɗe a hannu ba. In sun side, sun yi yawo kafin su kwanta. Da an ba yara sidaddun, an sayar da masu ƙyalli, da ba mai iya wannan lissafin har abada.

Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, ka kuma sani cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba izini, ta hana fitar da su waje ba takarda. Tsintuwa daban, haƙa daban. Manazarci ba ya ɗaukar diga ya shiga kufai ko maƙabarta. Dubi Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka yi tono a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake a 1992 da masana daga Jamus. Wurin da aka samu a kaburburan nan ba shi da wata daraja a kasuwa, amma da yake an rubuta inda kowane abu yake kwance, ya zama hujja kan cinikin ƙasar Katsina da nesa ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Ta fuskar shari'a kuma, fiƙihu ya bambanta binnen mutanen jahiliyya da dukiyar Musulmi da aka tsinta, kowanne da hukuncinsa. Ka je wa malamin garinku da maganar kafin a taɓa rabo.

Wuri ma kuɗi ne

Masu tarawa kan tsallake wuri don ba shi da shekara ba shi da hoton sarki, alhali shi ne kuɗin da kakanninmu suka fi daɗewa suna kashewa. A farkon 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kusada a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, ya ambace ta a matsayin gari mai ganuwa. A Kano ya tarar ana canza babbar tsabar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda, wato wuri 20,000, ya kama liyari takwas ke nan. Kafin ƙarnin ya ƙare farashin ya kusa ninkawa, domin tun daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Ikko. Iri biyun ana gane su da ido. Na tsibiran Maldibs ƙarami ne, fari mai ɗan rawaya, da 'yan ƙulle-ƙulle a gefe. Na Zanzibar bayansa ya fi santsi, da zobe mai ruwan lemo kewaye da shi. In ka samu tulin wuri, ka ware su, ka ƙirga kowane iri, ka duba waɗanda aka fasa wa baya don shiga zare. Marion Johnson da Jan Hogendorn sun yi littafi guda a kan wannan ciniki a 1986, amma ƙididdigar abin da ke fitowa daga ƙasa gari-gari aiki ne da sai 'yan gari za su iya.

Wani aikin da ba ya jira shi ne hira da tsofaffi. Wanda ya yi cefane da anini da hannunsa yau ya tsufa ƙwarai. Ka je da ladabi, ka durƙusa ka gaisa, ka sa tsabar a tafinsa ka bari ya juya ta. "Baba, me wannan ke saye a zamaninku?" "Inna, sadakinku da wane irin kuɗi aka biya?" Ka tambayi kuɗin haraji, da na tiyar dawa, da abin da ake biyan buhun gyaɗa a kanti, da yadda aka yi canjin 1973 a ƙauye, wa ya yi asara don labari bai iske shi da wuri ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya. Kuma in tsohuwa za ta rabu da liyarinta, ka gaya mata gaskiyar kuɗin azurfar da ke jikinsa. Wanda ya yi wa tsofaffin garinsu wayo sau ɗaya ya rufe wa kansa da na bayansa ƙofa.

Wanki da ajiya

Kada ka wanke. Toka, yashi, lemon tsami, tsamiya, soson ƙarfe, ruwan batir, duk suna cinye fatar tsaba tare da ƙananan haruffan da kake nema. Duhun da tsohuwar azurfa ke yi ba datti ba ne. In ƙasa ta manne, ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi sun isa, sannan ka busar sarai. Ka riƙa kama tsaba ta gefe. Kowace ta kwana a nata ambulan na takarda, ba cikin leda mai laushi ba, ba a ɗaure da roba ba, a wurin da laimar damina ba ta kai. In ka ga wani kore mai gari-gari na fitowa a jikin jan kwabo, ware shi nan take, ciwo ne da ke cin ƙarfe.

Za ka ji ana raɗe-raɗin cewa wani tsohon kwabo na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, ko yana jan ƙwayar shinkafa. Babu wannan. Abin da ke cikin kowane an san shi, jan ƙarfe ne da nikel da kuza da tutiya, kuma da wannan labarin ake damfarar mutane.

Daga nan sai karatu da fitar da abin da ka gano. Ka ziyarci gidan tarihi na Katsina da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja in hali ya yi, ka kwatanta naka da nasu. Rahotannin haraji na gundumomin Katsina suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, a nan za ka ga alƙaluman da za ka gwada da abin da tsofaffi suka gaya maka. Littafin Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 zai nuna maka hanyoyin fatauci da garuruwan da kuɗin nan suka bi. Ka zaɓi abu ƙarami ka ƙure shi, misali duk tsabar da ta saura a gidajen unguwa ɗaya ta Kankiya, ko abin da alhazan ƙasa na Kusada suka dawo da shi. Ka rubuta shafi goma, ka kai wa malaman tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su duba, ka karɓi gyara, ka bar kwafi a gidan tarihi.

Ka yi wa littafinka kwafi biyu, ɗaya a waya, ɗaya a hannun wani amintacce a wani gidan, saboda gobara da gara. Ka kuma rubuta a shafin farko, ka shaida wa iyalinka da baki, cewa ranar rabon gado a ƙimanta akwatin a ba mutum ɗaya ko a kai gidan tarihi, kada a raba shi kashi-kashi, kuma duk inda akwatin ya tafi littafin ya bi shi.